Sunan da Na Faɗa a Kabina

Asabar, 1 ga Sha'aban 1408, da hantsi

Kifin ya iso. Kowace shekara kafin azumi yaron nan, ɗana na fari, yakan aiko mana da ɗauri guda daga Aisilan, busasshen kifin nan mai taurin katako da muke ce wa panla a Ikko. Murja ta toshe hanci ta ce, "Ya ummi, riha!" Na ce mata da Hausa wari ake cewa, kuma in an dafa ke ce za ki fara miƙo kwano. Na daki biyu da taɓarya na jiƙa.

Zafi bai kankama ba tukuna. Ɗaliban jami'a sun kwashe wainar tun kafin rana ta hau katangar maƙwabta, har wani ya roƙi ƙanzon tanda. Ƙafata ma yau ba ta dame ni ba. Alhamdu lillahi.

Akwai kaset a cikin ɗaurin. Za mu saurara in Alhaji ya rufe baƙalarsa, shagonsa na kayan masarufi, ya dawo daga Aziziyya.

Lahadi, 2 ga Sha'aban, bayan Azahar

Mun saurara jiya. Alhaji ya kashe rikodar tun muryar ba ta kai ƙarshe ba.

Ga abin da yaron ya ce. Ya gama karatun tuƙin jirgin ruwa, kuma masu jirgin da yake yi wa aiki suna so su ba shi kyaftin. Amma ba a ba baƙo kyaftin, sai ɗan ƙasa. Shekarunsa a can sun kai a ba shi takardar ɗan ƙasa, majalisarsu ce ke karanta sunayen sababbin 'yan ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Sai dai dokarsu ta ce duk wanda zai shiga cikinsu sai ya ɗauki suna irin nasu: sunanka, sannan sunan ubanka a liƙa masa "son" a wutsiya, kamar yadda muke cewa ɗan wane. Kuma sunan uban sai ya kasance cikin waɗanda suka sani. Na Alhaji da ke cikin fasfo, na ranar Laraba, ba su taɓa jin sa ba.

Ya ce Hankaka, tsohon abokin Alhaji da ke minista a can, ya kai ƙuduri majalisa a cire wannan sharaɗi. In bai wuce ba, Hankaka ya ce ya ba shi nasa sunan ya jingina.

A nan Alhaji ya danna maɓalli. Ya ce, "Hankaka mai da ɗan wani naka. Ashe sunan bai faɗi a banza ba." Sannan ya rantse, rantsuwa cikakkiya, cewa ba zai ɗaga waya a kan wannan magana ba, kuma kada wanda ya tayar masa da ita a gidan nan.

Ni dai na kwashe kwanuka. Raina ya ɓaci, amma ba da yaron ba.

Talata, 4 ga Sha'aban, da hantsi

Murja ta tambaye ni wai me ya sa muke kiran minista guda Hankaka. A unguwar Harra, nan ƙasa mai tsarki, aka haife ta, ba ta san Ikko ba, sai na zaunar da ita tana tsince mini shinkafa ina ba ta labari.

Sunansa Harafan Katilson. Shi da bakinsa ya ce mana Harafan hankaka ne a yarensu. Lokacin yana saurayi, sakataren ƙungiyar masunta na wani ƙauye, suka turo shi ya ga inda kifinsu ke zuwa. Alhaji yana aikin sauke kaya a tashar jiragen ruwa. Zazzaɓi ya kayar da mutumin a gindin buhuna, Alhaji ya ɗauko shi a kafaɗa ya kawo mini shi Agege, ja wur, yana surutai. Ya kwana a zaurenmu har damina ta wuce. Kunun tsamiya ya tashe shi. Ya koyi Hausa a bakin yara, har yau ni "kai" ce a wurinsa, Alhaji kuma "ita".

Bayan ya koma aka zaɓe shi kansila, sannan ɗan majalisa a jam'iyyar ma'aikata, wadda ya ce ma'anar sunanta jam'iyyar talakawa. Ya faɗi zaɓe sau ɗaya, ya koma ƙauye yana koyar da lissafi, ba kunya ba tsoron gori. Ya sake tsayawa ya ci. Bara suka haɗa gwamnati da wasu jam'iyyu, aka ba shi ministan ƙwadago da jin daɗin jama'a. Shi ya nema wa yaron nan makaranta lokacin da ya ƙi zaman baƙala, ya ce shi ruwa yake so.

Murja ta ce, "Ya'ani wazir ya kwana a tabarmarki?" Na ce har da zanin gadona na aure ya lulluɓa.

Alhamis, 6 ga Sha'aban, bayan La'asar

Na je gidan Malam Lawali a Bani Harisa, wanda yake koyarwa a jami'a, da sunan kai wa matarsa kifi. Na yi masa tambaya ta bayan labule.

Ya ce, "Hajiya Ƙaltume, in Abdussamad ya ƙara wa kansa suna, ko su kira shi Samuyel, ba laifi, sunan annabi ne. Amma ya jingina kansa ga wani uba yana sane, wannan Allah Ya hana, an ce a kira kowa da ubansa. Alhaji Balarabe yana da gaskiya a nan."

Na ce to gaskiyar za ta ba yaron jirgi? Ya yi dariya ya ce shi abin da aka tambaye shi ya amsa.

Na rubuta sunayen nan biyu ne don daga bakin Malam suka fito. Ɗan fari da miji, bakina bai saba ba, alƙalamina ma haka.

Da na fito na tarar da mai na'ana'a a bakin titi, ɗanye shar. Na sayo dami, gida ya cika da ƙamshi.

Juma'a, 7 ga Sha'aban, bayan Magariba

Alhaji ya ci tuwo da kuka. Miyar kifin ko kallo bai yi mata ba.

Litinin, 10 ga Sha'aban, bayan Azahar

Shi ya rantse, ni ban rantse ba. Na ja Murja muka je kabina, inda ake biya a buga waya ƙasar waje. Yaron yana teku, sai bayan sallah zai sauka, don haka gidan Hankaka muka nema. Mai haɗa layi ya ƙi yarda wai lambar gidan minista ce a hannun mai waina. Murja ta gaya masa da Larabci cewa a can lambar kowa tana cikin littafin waya, har ta shugabansu. Ya ce, "Tayyib," yana girgiza kai.

Hankaka da kansa ya ɗauka, ina jin ƙarar ruwa, ya ce kwanukan karin kumallo yake wankewa kafin bas ta wuce shi.

"Ƙaltume! Kai lafiya? Balarabe tana lafiya?"

Na ce tana fushi. Ya ce ya sani. Ya ce bai so ya ƙwace ɗan kowa ba, ya ga ƙofa ɗaya ce ta rage shi ya sa ya ce ga nasa. Ƙudurin yana kwamiti. Amma gwamnati ba lafiya: kuɗinsu ya karye, abokan haɗin suna so a hana ƙarin albashi, har na matan da ke yanka kifi a masana'anta, shi kuma ya ce hannunsa ba zai sa wa takardar nan ba.

Na ce, to ka lallaɓa mana har maganar yaro ta wuce. Ya ce, "Uwata yanka kifi, Ƙaltume. Shekara yawa."

A hanya na saya wa Murja balila, dafaffen waken nan na Larabawa. Ta ce Hausar minista ta fi tata lalacewa, kuma abin ya yi mata daɗi ƙwarai.

Laraba, 12 ga Sha'aban, da safe

Alhaji ya koma murɗa rediyo kafin ya fita. Landan, Jamus, Alƙahira. Na ce me ake nema? Ya ce Kaduna. Kaduna tana inda take tun da muka zo garin nan, har alama ya yi mata da jan farce na Murja.

Ba gidan da ya ambaci Aisilan. Ƙasar da duk mutanenta ba su cika Fagge da Sabon Gari ba, wa zai ɓata batir a kanta?

Asabar, 15 ga Sha'aban, bayan La'asar

Na yi ziyara a Harami, na zauna a inuwa ta ɓangaren mata har tattabaru suka saba da ni. Na roƙi abu ɗaya. Na dawo da sauƙin zuciya.

Innayatu maƙwabciya ta aiko da dabino ruɗab, ɗanyen nan mai laushi, na rama da waina.

Lahadi, 16 ga Sha'aban, da hantsi

Alhaji bai ci kifin ba. Murja ta ci nasa.

Litinin, 17 ga Sha'aban, bayan Azahar

Na sake bugawa. Hankaka zai yi murabus ranar Alhamis. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya ce ya ci kuɗi, kawai an rinjaye shi a kan albashin matan nan, ya ce to ga kujerarku. Ni ban taɓa jin inda mutum ya tashi daga kan kujera da ƙafarsa yana da rai da lafiya ba. Na ce ka haukace? Ya ce matarsa ma ta tambaya.

Ƙudurinsa ya mutu tare da kujerar. Abin da ya rage, jerin sunayen sababbin 'yan ƙasa za a rufe shi ranar Laraba, majalisa ta karanta kafin ta watse a tafi zaɓe. In yaron bai shiga ba, jirgin za a ba wani. Yaron ya bar wa Hankaka wuƙa da nama kafin ya shiga teku, sharaɗi ɗaya: kada a yi abin da babansa zai tsine.

Ya ce, "Ni ba zai sa sunana ba sai Balarabe ta ce to." Sannan ya yi tsaki irin na 'yan Agege, ya ce abin haushi, sunayen annabawa duk suna da su, da Dauda da Yusufu da Haruna da sauransu. Da sunan uban ɗaya ne daga ciki, da an gama tun bara.

Na riƙe wayar kamar na riƙe garwashi. Murja tana ce mini, "Ummi, khalas? Khalas?" Na ce masa zan sake kira, na ajiye.

Litinin ɗin dai, bayan La'asar

Ranar da na tare, uwar mijina, Allah Ya ji ƙanta, ta kira ni ƙuryar ɗaki ta gaya mini sunan yankansa. Ita ma ba ta furta ba, ƙanwarta ta sa ta raɗa mini. Sunan kakansa aka mayar masa, shi ya sa tun yana zanin goyo ba mai kiran sa da shi, aka bar shi da na rana, har na ranar ya shiga takardu. Ta ce, "Na gaya miki ne don ki san abin da za ki kauce wa."

Na kauce. Shekara talatin da ɗoriya duk yaron da ke da sunan nan mai babban suna ne a bakina. Ko surar Annabi Yusufu nake bita, in na zo kan mahaifinsa sai in sassauta murya. Waɗanda suka san sunan duk suna kwance a Kano da Agege. 'Ya'yansa ba su sani ba, Hankaka bai sani ba.

Kuma sunan yana cikin na annabawa.

Talata, 18 ga Sha'aban, bayan Magariba

Na gwada. Na kawo masa shayi da na'ana'a, na zauna, na ce, "Alhaji, akwai wata hanya, ba sai an taɓa..." Ya ɗaga hannu. Na ce, "Sunanka na..." Ya ƙara wa rediyo murya har Innayatu ta buga bango. Sannan ya ɗauki carbi ya ce zai je Harami da wuri.

Taurin kai irin na gidansu, kifin nan ma sai an jiƙa shi yake laushi. Da ya tsaya ya ji da shi zai fi kowa murna, na sani. Amma ya rantse, kuma yana ganin ko sauraro ya yi ya karya.

Gobe Murja tana da jarrabawa. Ba komai. Ni kaɗai zan je kabina, kuma ba sai na furta sunan ba, zan ce wa Hankaka mahaifin Annabi Yusufu, ai kowa ya san wannan.

Na jiƙa shinkafar gobe. Ƙullun jiya ya tashi da kyau.

Laraba, 19 ga Sha'aban, bayan Azahar

Bari in rubuta.

Kabina cike take, mutanen Harra rabi da rabi, kowa na son gaida gida kafin azumi. Alhaji Maiturare, abokin Alhaji mai shago kusa da nasa, yana zaune a benci yana jiran layin Kano. Muka gaisa. Aka kira lambata na shiga akwatin. Ƙofarsa ba ta rufuwa, layin kuma sai shuu yake yi.

Na ce, "Hankaka, yana da wani suna, na gaskiya, wanda aka yanka masa rago da shi. Sunan annabi ne."

Ya ce, "Wane? Faɗi!"

Na ce, "Mahaifin Annabi Yusufu."

Sai ya ce, "Ibrahim?"

Na ce a'a, jikansa.

"Dauda?"

Na ce kai, ba ka zuwa cocin ne? Ya ce rabonsa da coci tun ranar aurensa, shi ɗan ƙungiya ne ba malami ba. Ya ce, "Ƙaltume, bas tana zo, kwamiti tana zauna yanzu. Kai faɗi suna."

Na waiga. Alhaji Maiturare yana kallon silin, amma kunnensa yana cikin akwatin tare da ni. Mai haɗa layi yana nuna mini agogo. Na tuna yaron nan ranar da zai tafi, ya tsaya a bakin ƙofa da akwatinsa yana jira in kira shi ko sau ɗaya, na ce "kai, Allah Ya tsare" na koma ciki. Sai na rufe ido na faɗa.

Ya ce, "Me? Ba ji!"

Na faɗa da ƙarfi. Na sake faɗa da ƙarfin da nake kiran ɗalibai in waina za ta huce. Kabina ta yi tsit.

Can na ji ihu a kunnena: "Yakob! Yakobson! Muna da shi, maƙwabci na ma Yakob!" Yana dariya yana tari. Ya ce zai tsaya shaida da kansa cewa ya san uban, ya ci abincinsa, in ana son takarda daga baya Malam Lawali ya rubuto. Ya ce, "Shekara yawa ina ci tuwo na Yakob ban sani ba." Layin ya yanke.

Na fito na ja mayafi har hanci. Wata tsohuwa 'yar Damagaram ta kama hannuna ta ce, "Wa ya ɓace miki, ɗiyata?" Na ce ba wanda ya ɓace, an ma same shi.

Alhamis, 20 ga Sha'aban, da hantsi

Yau Hankaka yake sauka daga kujera. Ina ta tunanin ko a bas zai koma gida.

Alhaji ya dawo jiya, ya dube ni, ya dubi bango. Maiturare ba ya kwana da magana, don haka na san ya ji.

Asabar, 22 ga Sha'aban, bayan La'asar

An karanta. Murja ce ta riƙe wayar yau, ni na kasa shiga akwatin nan. Samuyel Abdussamad Yakobson, an ɗaga hannu, ya wuce. An sanar da shi ta rediyon jirgi, Hankaka ya ce yaron ya yi ta tambaya, "Wane ne wannan?" sai da aka ce masa babanka ne, ka tambayi uwarka.

Hankaka ya kwashe littattafansa daga ofis a kwali. Zai sake tsayawa zaɓe, amma ya ce jam'iyyarsa ta rabu biyu a kansa, ba ya jin zai ci. Murja ta ce to me zai yi? Ya ce ya ji akwai sabon kyaftin da ke neman mai wanke kwanuka.

A hanya Murja ta yi ta maimaita sunan a bakinta, tana ɗanɗana shi. Na ce ke, ubanki ne, rufe baki. Ta ce, "Inti faɗa fil kabina!" Na ce ni da dalili.

Lahadi, 23 ga Sha'aban, bayan Magariba

Alhaji ya dawo da wuri yau. Ya zauna a tsakar gida, bai taɓa rediyo ba. Ya ce, "Akwai sauran miyar nan?" Na ce wace? Ya ce, "Ta katakon." Na ɗumama na kawo.

Ya ci loma uku kafin ya ce gobe in ƙara ƙullu, mutum goma zai ciyar daga cikin ɗalibai. Na ce sadaka ce? Ya ce kaffara. Sannan ya tambayi ƙarfe nawa ake samun mutanen can a gida, kuma Hankaka har yanzu "ita" yake ce masa? Na ce har yanzu. Ya ce zai gyara masa da bakinsa.

Murja ta shiga ɗaki da littattafanta. Muka rage mu biyu, iska tana kaɗa shanya.

Ya ce, "An ce kin yi kira a kabina, har bakin titi ana ji."

Na ce layin ne ba kyau.

Ya ce, "Maiturare ya ji. Mai haɗa layi ya ji. Mutumin da ke bayan teku ya ji." Ya juya cokali a kwano. "Mai sunan ne kaɗai bai ji ba. Tun da aka yanka ragon ban taɓa jin an kira ni da shi ba."

Na ce, Alhaji, da girmana? Bai ɗaga kai ba, yana jira.

Na duba ƙofar Murja, na duba bangon Innayatu. Na faɗa a hankali, iya kunnensa.

Ya ce, "Na'am."

Sai ya miƙo kwanon in ƙara masa miya.